Sai Likitan Ofis Ya Gani

Ranar da bel ɗin injin matsar gyaɗa ya kama hannun Mika'ilu, kafin la'asar aka dawo da shi ƙauye a kan babur, yayansa Dabo na riƙe da shi ta baya. Hannun na dama ne, an naɗe shi da bandeji har wuyan hannu. Nas ɗin da ta duba shi a Ɗanbatta ta faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: yatsu biyu sun murƙushe, tafin ya yage, abin da ta yi tsayar da jini ne kawai. Ta ce a wuce da shi asibitin ƙashi a Kano, kada a bari ya kwana biyu. Dabo ya ce to, bari a je gida a yi shiri.

Shekarar nan ce da kwanon masara ya gagari har mai gona, buhun taki kuwa sai dai a ji farashinsa a yi salati a wuce. Tun da mahaifinsu ya rasu Dabo ke riƙe da gandu, shi ke buɗe rumbu, shi ke yanke magana. Amma rumbun ya yi ƙasa tun tsakiyar rani, kuma kowa a gidan ya san albashin Mika'ilu ne ke ɗora tukunya.

Da safe Mika'ilu ya sa matarsa Barira ta zura masa riga, ya fito da niyyar tasha. A zaure ya tarar da Dabo tare da wani baƙo mai jakar hannu da takalmi sau-ciki. Sama'ilu sunansa, mutumin wani ƙauye ne can gaba da su, amma ya daɗe a Kano har ya iya bakin ofis.

"Sannu da jiki, Malam Mika'ilu. Allah Ya sa kaffara ce," in ji Sama'ilu. "Yayanka ya ba ni labari. Ka san duk wanda ya ji rauni a bakin aiki akwai diyyar da doka ta tanadar masa?"

"Na taɓa ji."

"To akwai, kuma na karɓar wa mutane da dama. Sai dai abin yana da hanya. Ofishin suna da likitansu. Shi zai kalli raunin da idonsa, ya yanke abin da za a ba ka. In ka je yau aka ɗinke, aka gyara, ya warke, me zai gani? Tabo. Su kuwa ba sa biyan tabo."

Mika'ilu ya dubi hannunsa. Jini ya ɓullo ta saman bandejin ya bushe. "Ai nas ta ce kada ya kwana biyu."

"Ita aikinta ke nan. Ta san abin da 'ya'yanka za su ci bayan an sallamo ka? Manajan naku ma fatansa ke nan, ka warke da wuri maganar ta mutu."

Dabo ya gyara zama. "'Yan kwanaki ne, Mika'ilu. Ja'afaru mai kemis zai riƙa wanke maka. Da likitan ofis ya gani, daga can sai asibiti, ni da kaina zan kai ka. Koma ciki ka kwanta."

Mika'ilu bai taɓa mayar wa yayansa magana ba, ballantana a gaban baƙo. Ya koma ciki. Barira na ganin shi ta ajiye tsintsiya.

"Malam, ba a samu mota ba ne?"

"Yaya ya ce a ɗan jira."

"A jira me?"

Ya yi mata bayani yadda aka yi masa. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Ni dai ban taɓa jin inda ake ajiye ciwo don a nuna wa wani ba." Ta taimaka masa ya cire rigar, ta ninke ta mayar cikin akwati.

Bazara ce, zafi tun hantsi yake sauka kamar an buɗe tanda. Kwanakin farko Ja'afaru na zuwa da safe, ya kwance, ya wanke da ruwan magani, ya yi masa allura, ya sake naɗewa. Ciwon na zuga, amma Mika'ilu na iya zama a inuwar dalbejiya ya amsa gaisuwar masu zuwa dubiya. Dabo da Sama'ilu suka tafi Kano, suka dawo da yamma. An ce sai kamfani ya kai rahoton hatsarin tukuna. Suka sake komawa. An ce manaja ya yi tafiya. Da manaja ya dawo, aka ce likitan ofis ne ya tafi taro. Kowace tafiya sai an sayar da wani abu a gidan a yi kuɗin mota da na shan ruwan Sama'ilu. Zabbin Inna, mahaifiyarsu, su suka fara tafiya, sai tunkiyar Barira ta bi bayansu.

Hannun ya fara kumbura. Yatsun biyu suka yi duhu, sannan suka yi baƙi, Mika'ilu ya daina jin su gaba ɗaya. Da farko har daɗi ya ji, ya ɗauka sauƙi ne. Sai wata safiya Ja'afaru ya kwance bandejin ya kawar da kai gefe. Ya wanke hannunsa, ya fita tsakar gida inda Dabo ke gyaran ƙotar fartanya.

"Malam Dabo, abin nan ya fi ƙarfina. Naman ya fara mutuwa, kuma hawa yake yi. A kai shi Kano yau."

"Kai dai yi abin da aka kira ka ka yi."

"Ba zan sake taɓa shi ba. In wani abu ya faru sunana za a kira."

"To Allah Ya ba da sa'a. Garin nan ba kai kaɗai ka iya naɗa ƙyalle ba."

Daga ɗaki Mika'ilu ya ji su sarai. Ya ji fitar Ja'afaru, ya ji Dabo ya ci gaba da buga ƙotar. Daga ranar Barira ce ke wankewa da ruwan ɗumi da gishiri, tana yi tana danne numfashi. Bandeji ya ƙare, aka koma yagar tsohon zane.

Wari ya fara. Mika'ilu ne ya fara jin sa, ya yi ta fatan shi kaɗai ke ji. Sai ya lura 'ya'yansa sun daina shigowa gaishe shi, daga bakin ƙofa suke tsayawa. Ƙudaje suka gano ɗakin. Wata rana ana cin tuwo a tsakar gida, 'yar autar Dabo ta ture kwano ta ce ba za ta iya ci ba. Washegari Dabo ya sa aka kwashe harawar da ke ɗakin baya, kusa da turken awaki, aka shimfiɗa tabarma.

"Can ya fi iska," in ji shi. "Kuma masu zuwa dubiya sun yi yawa, suna hana ka hutawa. Kowa da irin idonsa."

Tun daga nan aka daina shigo da kowa. Wanda ya zo zaure ya tambaya, sai a ce jiki da sauƙi, barci yake.

Barira ta je wajen Inna. Mika'ilu na jin su ta jikin katanga, don ɗakin Inna na manne da na baya.

"Inna, ki sa baki. Ɗanki ne. Kumburin ya wuce wuyan hannu."

"Na gani, 'yar nan. Kina tsammanin ba na gani?"

"To ki ce a kai shi."

"Dabo ne babba. Shi ya san waje, shi ke shiga birni. In na tsallake maganarsa, gobe wa zai ji tasa a gidan nan? Ya ce mini an kusa. Ki yi ta addu'a."

Da yamma Inna ta shigo da rubutu a ƙwarya, ta ba shi ya sha, ta shafa masa sauran a goshi. Ba ta kalli inda ciwon yake ba, har ta fita.

Zazzaɓi ya zo ya zauna. Da rana tsaka Mika'ilu na karkarwa a cikin bargo, gumi na jiƙa tabarma. Wani jan layi ya taso daga wuyan hannu ya nufi gwiwar hannu, kullum sai ya ga ya ƙara gaba. In ya rufe ido sai ya ji ƙarar injin a kunnensa, bel na juyawa, ba mai kashewa. Da ya ji muryar Dabo ya dawo daga kasuwar Ɗanbatta, sai ya aika Barira ta kira shi.

Dabo ya tsaya a bakin ƙofa, ya sa gefen rawaninsa a hanci kamar mai gyara shi.

"Yaya, ka kai ni asibiti. Na yafe diyyar."

"Ka yafe? Kai kaɗai ke da ita da za ka yafe?" Dabo ya sassauta murya. "Dubi gidan nan, Mika'ilu. Damina ta ƙarato, ba taki, ba iri isasshe. Aikinka ya tafi, kamfani sun riga sun sa wani a gurbinka. Abin da muka sayar muka zuba a hanyar Kano fa, shi ke nan ya tafi a banza? Don wa nake wannan wahalar? Ni ne zan ci? 'Ya'yanka nake dubawa. Yau ma na tsaya kara na ga wasu bijimai biyu na huɗa. In Allah Ya sa abin nan ya fito, ko ba ka sake ɗaga fartanya ba gonarka za ta nomu."

"Hannun ba nawa ba ne kuma, Yaya. Ba na jin sa."

"Sama'ilu ya ce mako mai zuwa, ba fashi. Ka yi haƙuri irin na maza. Mun ci yawa, saura kaɗan."

Ya juya ya tafi. Mika'ilu ya kwanta yana kallon azarar ɗakin. Abin da ya fi ci masa rai shi ne wani ɓangare na zuciyarsa ya yarda da maganar. Shi ne ya kai hannu kusa da bel. Shi ne ya jawo tukunyar gidan ta koma ɗorawa sau ɗaya a yini. In ya jure, wataƙila ya biya su.

Barira kuwa ta gama jurewa. Ta ari wayar maƙwabciya ta kira yayanta Tasi'u, mai a-kori-kura da ke dakon kaya tsakanin kasuwanni. Ranar Juma'a, bayan maza sun tafi masallaci a garin gaba, motar ta tsaya a bayan gida. Gabas ta yi baƙi da hadari, iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Tasi'u ya shiga ɗakin, ya ga abin da ya gani. Ya sunkuya ya ɗauki Mika'ilu kamar yaro.

"Yaya bai sani ba," in ji Mika'ilu cikin magagin zazzaɓi.

"Zai sani," in ji Barira.

Inna ta fito ta tsaya a hanya, carbi a hannu. "Barira, in Dabo ya dawo me zan ce masa?"

"Ki ce masa na fita ba da izini ba, Inna. Laifin nawa ne."

Tsohuwar ta dubi fuskar ɗanta, ta dubi ƙyallen da ƙudaje ke bi. Ta matsa gefe.

A asibitin Kano likita ya kwance ƙyallen, ya tambayi yaushe abin ya faru. Da Barira ta faɗa masa, sai ya ɗago ya kalle ta, ya kalli Tasi'u.

"Ina kuka ajiye shi duk tsawon lokacin nan?"

Ya mayar da ido kan hannun.

"Da a lokacin kuka zo, yatsu biyu zai rasa, ya koma aikinsa. Yanzu ransa muke nema."

A ranar aka shiga da shi tiyata. Da ya farfaɗo, ya ji yatsunsa na ƙaiƙayi, ya kai hannun hagu zai sosa, sai ya taɓa katifa. Sama da gwiwar hannu aka yanke. Barira na zaune a ƙasa gefen gado, ta kifa kai a kan ƙarfen. Ya daɗe yana kallon silin, hawaye na gangarawa cikin kunnuwansa.

Dabo bai zo ba. Ya aiko a ce ruwa ya sauka, ana shuka, ba hali.

Da aka sallame shi, kafin su nufi tasha, Mika'ilu ya ce su biya ofishin diyyar, yana so ya ga likitan nan da idonsa. Suka yi ta tambaya har suka samu. Suka zauna a benci tun hantsi, sai bayan azahar aka kira su gaban wata Hajiya mai tabarau. Ta saurari labarin daga farko, ba ta katse shi ba. Da ya zo kan maganar jiran likita, ta cire tabaraun.

"Wa ya ce muku haka?"

"Sama'ilu. Shi ke bin mana maganar a nan."

"Ba mu da wani Sama'ilu, kuma ba ma aiki da dillalai. Malam, ba wanda ya isa ya ce ka zauna da ciwo. Magani ake fara yi. Bayanin asibitin da ya yi maka aiki shi muke dubawa, in ana bukatar likitanmu ya gan ka, bayan ka warke ne." Ta mayar da tabaraun. "Za mu buɗe maganarka yau, mu nemi kamfanin. Amma gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu. Za su ce injinsu yatsu biyu ya ci, sauran a gida aka yi. Kuma za su samu masu shaida. Abin zai ja lokaci, ban kuma san inda zai tsaya ba."

"A gida aka yi," Mika'ilu ya maimaita a hankali.

"Haka za su ce."

"Ai ba ƙarya suka yi ba, Hajiya."

Sun iso ƙauye gero ya fito ya yi kunne, gonaki sun yi kore har bakin hanya. Zaure cike da masu jaje. Tun daga waje Mika'ilu ke jin muryar Dabo.

"Ƙaddara ce, ba mai tsallake ta. Allah Ya sani ba irin faɗi-tashin da ban yi ba. Ana gobe likitan zai gan shi, mace ta ɗauke shi ba shawara. Su kuma na asibiti kun san su, abu kaɗan sai wuƙa."

Mutane na ta cewa Allah Ya ba da haƙuri, Allah Ya saka wa Dabo da alheri, samun ɗan'uwa irinsa sai an tona. Mika'ilu ya shiga, hannun rigarsa na dama na lilo. Aka shiga yi masa sannu. Ya amsa wa kowa. Bai gyara wa kowa labari ba. Barira ta wuce ciki kanta a ƙasa, matan gidan ba wadda ta yi mata sannu da zuwa sai Inna, ita ma da ido.

Bayan la'asar, da zaure ya watse, Dabo ya ce wa Mika'ilu ya tsaya. Ya matso kusa, ya yi ƙasa da murya. Wannan karon bai rufe hanci ba.

"Abin da ya wuce ya wuce. Ban riƙe matarka a zuciya ba, ka faɗa mata. Yanzu gaba za mu duba. Na yi magana da Sama'ilu, ya ce kada mu karaya, yanzu ma maganar ta fi ƙarfi. Da ma ya faɗa mini yatsa biyu ba wani abin kirki ake bayarwa ba, amma hannu sukutum, wannan babbar magana ce."

Mika'ilu ya ɗago kai. "Yaushe ya faɗa maka haka, Yaya?"

"Ai tun tuni. Tun tafiyarmu ta farko, a mota." Dabo ya tsaya. Ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya kawar da ido, ya shiga kaɗe ƙasa daga gefen tabarma. "Hira ce kawai. Ba wai wani abu ba."

Mika'ilu ya zuba masa ido. Yana kallon mutumin da ya goya shi yana yaro, ya koya masa riƙon fartanya, ya tsaya masa waliyyi ranar aurensa. Ya nemi fushi a ransa bai samu ba, sai wani sanyi da ya ratsa shi har ƙafa.

Shirun ya dami Dabo, sai ya yi sauri ya cike shi.

"Abin da ya sa na tsayar da kai, Sama'ilu ya ce in tambaya. Hannun da suka cire, sun ba ku shi? Ko hotonsa ma ya isa. Ya ce shaida ce mai ƙarfi."

"Sun ba mu."

"Yauwa. Yana ina?"

"Tasi'u ya wanke shi, ya naɗe a farin ƙyalle, ya kai maƙabarta ya binne. Shi kaɗai ya je. An tambaye shi ina 'yan'uwan mai hannun, ya ce suna shuka."



Mika'ilu ya dafa bango da hannun hagu ya miƙe. Bai saba ba tukuna, sai da ya yi tangaɗi kafin ya tsaya daidai.

"Gobe zan je wajen mai unguwa a raba gandu, a fitar mini da nawa. Maganar ofis kuma na buɗe ta da bakina, ba mai zuwa a madadina."

"Da hannu ɗaya za ka yi noma?"

"Da shi. Wanda ya rage ne, Yaya. Ba zan sake ba ka ajiyarsa ba."

Ya ɗaga labulen zaure ya shiga cikin gida. A bayansa ya ji Dabo na danna waya, ya kara a kunne, yana jiran Sama'ilu ya ɗauka.